Ƴar na'urar da ke gano gubar dalma cikin ruwa: yadda take aiki da abin da ya shafe mu

 

Bayan shirinmu na kiwon lafiya, wani ɗan uwa da ke ci-rani ya aiko mana saƙon murya. Ya ce shi da ƴan garinsu sun yi karo-karo za su gina foraj su sa pompo a ƙauyensu, amma ya ji ana cewa ruwan pompo ma yana iya ɗaukar gubar dalma. Tambayarsa ita ce: ruwan da ka gani garau, ba wari ba ɗaci, ta yaya za a san da guba cikinsa? Lokacin shiri bai isa mu ba shi amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa muka kawo bayanin nan a rubuce.

Mece ce dalma, kuma me ya sa ake tsoronta?

Dalma, wasu su ce darma, ƙarfe ne mai nauyi da laushi, wanda ba ya wuyar narkewa. Shi ne cikin batirin mota da na babur da yawancin batiran da muke haɗawa da pano na hasken rana. Jikin ɗan Adam ba ya da buƙatarta ko kaɗan. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ba a san wani adadi na dalma cikin jini da za a ce ba ya cutarwa ba.

Yara ƙanana ne ta fi yi wa ɓarna. Abin da cikin yaro ke tsotsa na dalmar da ya haɗiye ya ninka na babba sau huɗu zuwa biyar, ga shi kuma yaro kullum hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki. In ta yi yawa tana kawo ciwon ciki, amai, ƙarancin jini, jijjiga, suma, har mutuwa. In kaɗan-kaɗan take shiga, ba za ka ga alamar komi ba, amma tana taɓa ƙwaƙwalwa: yaro ya shiga lakwal karatu ya ƙi zama, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Tana kuma ɓoyewa cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta samu juna biyu sai ta fito ta bi jini ta kai ga ɗan da ke ciki.

A shekarar 2020 UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun fitar da rahoto cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma cikin jininsa da ta kai mizanin da ya kamata a ɗauki mataki.

Ba labarin nesa ba ne

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wannan masifa da idonsu. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Ƴargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai yi ba. Ashe dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, cike yake da dalma. Ƙurarsa ta bi ɗakuna, tsakar gida, kwanonin abinci da tafkuna. Yara 400 ko fiye suka rasu. A binciken da aka yi a ƙauyuka biyu, cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na jihar Neja, yara 28 suka rasu.

A Senegal kuma ba zinariya ba ce, batir ne. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar Caroy da ke gefen Dakar, inda ake fasa tsofaffin batiran mota ana tone ƙasa ana tankaɗe dalma don sayarwa.

Mu ma nan ana haƙar zinariya, daga Jado da Cibarkaten har yankin Ɗan Isa cikin jihar Maradi. Ba kowane dutsen zinariya ne ke da dalma ba, amma ido ba ya bambance mai ita da marar ita.

Ga kuma maganar pompo da ɗan uwanmu ya yi tambaya a kai. A 2021 masu bincike daga wata jami'ar Amurka sun wallafa sakamakon awon ruwan pompo da famfunan ƙauye guda 261 a Gana, Mali da Nijar. Kashi 9 cikin ɗari na ruwan da suka auna ya haura iyakar da OMS ta sa. Abin lura, sun gano yawanci dalmar daga kayan pompon take fitowa, musamman sassan da aka yi da tagulla, don masu ƙera tagulla kan haɗa ta da dalma. Ke nan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya zama lafiya lau, kan famfo ko wani bawul na cikin pompo ya ɓata shi.

Wahalar awon

Iyakar da OMS ta sa ga ruwan sha ita ce maikurogaram 10 cikin lita guda. Don ku gane ƙanƙantar abin: giram ɗaya tak na dalma, in ya narke, ya isa ya kai lita dubu 100 ga wannan iyaka. Lita dubu 100 kuwa bidon dubu 4 ke nan na lita 25, ko duro 500. To wane ido ko harshe zai gano wannan?

Manyan injuna na ɗakin bincike suna iya aunawa, kuma su ne suka fi kowane daidaito. Amma suna da tsada ƙwarai, suna son lantarkin da ba ya yankewa, da iskar gas ta musamman, da ƙwararren ma'aikaci. Sai an ɗebi ruwa an kai babban birni, a jira kwanaki ko makonni. Wannan ne ya sa masana suka duƙufa kan ƴar na'urar da za a sa cikin jaka a kai har bakin rijiya, wadda ke amfani da lantarki ɗan kaɗan ta gano dalmar da ta narke.

Yadda dalma take cikin ruwa

Kun san in aka zuba gishiri cikin ruwa aka motsa, ya ɓace wa ido amma yana nan. Haka dalma take in ta narke. Tana rarrabuwa ƙwaya-ƙwaya, ƙananan da ko madubin likita ba ya nunawa, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki. Masana na kiran irin wannan ƙwaya mai caji ayon. Duk wanda ya taɓa haɗa batir ya san akwai kan fulus da kan mayinas, wato mai alamar ƙari da mai alamar ragi. Ƙwayar dalma ta rasa ƴan ƙwayoyin lantarki biyu da ake kira ilaktoron, don haka cajinta na ƙari ne. In aka mayar mata da biyun nan sai ta koma ƙarfe. In aka sake ƙwace su sai ta sake narkewa. Duk aikin na'urar a kan wannan kai da komo yake.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar kashi biyu ce. Akwai akwatin da ke ba da wuta yana karantawa, girmansa kamar salula ko ƙaramin rediyo, wasu ma da salular ake haɗa su. Akwai kuma ɗan falle siriri na roba ko na tangaran da ake sokawa jikin akwatin. Masu ciwon sukari sun san irinsa, don na'urar awon sukari da ake ɗiga wa jini ƴar uwarta ce. A kan fallen an buga layuka uku da tawada mai ɗaukar lantarki. Na farko shi ke aikin kama dalma, yawanci da gawayi na musamman ko zinariya ake yinsa. Na biyu an yi shi da azurfa, shi ne ma'auni tsayayye da ake gwada ƙarfin wutar da shi. Na uku shi ke rufe hanyar da wutar ke zagayawa.

Ku ɗauki misalin makiyayi. Dabbobi in sun bazu cikin daji ba su ƙirguwa. Sai ya tara su cikin shinge, sannan ya buɗe ƙofa yana ƙirga su suna fita. Haka na'urar ke yi.

Da farko ana haɗa ruwan da wani ruwan magani mai ɗan tsami, dangin binegar, don dalmar ta zauna a narke. Sai akwatin ya ba layin farko wutar ragi, kimanin bolt ɗaya, bai ma kai ƙarfin batirin tocila ba, wanda ke da bolt ɗaya da rabi. Ƙwayoyin dalmar da suka iso kan layin sai su karɓi ilaktoron bibbiyu su koma ƙarfe su manne. Ana barin haka minti biyu zuwa biyar, wani lokaci ana motsa ruwan don ƙwayoyin su riƙa isowa. Wannan shi ne tarawa cikin shinge, kuma shi ne sirrin ƙarfin na'urar: abin da ke warwatse cikin ruwa ya taru wuri guda ɗan mitsitsi.

Daga nan sai akwatin ya riƙa sassauta wutar sannu-sannu yana mai da ita wajen ƙari. Kowane ƙarfe yana da matakin da yake sakin layin ya koma ruwa. Kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, yana riga dalma fita. Dalma na fita in an kai wajen rabin bolt na ragi. Jan ƙarfe sai daga baya. Lokacin da dalmar ke fita, kowace ƙwaya tana barin ilaktoron ɗinta biyu, sai wutar da akwatin ke karantawa ta yi tsalle ta sauka. A allon sai ka ga zane kamar ɗan tudu. Wurin da tudun ya tsaya shi ke faɗin wane ƙarfe ne, tsawonsa kuma shi ke faɗin yawansa.

Don a tabbatar da lissafi, ma'aikaci kan ɗiga dalmar da ya san adadinta cikin ruwan ya sake gwadawa, ya ga yadda tudun ya ƙaru. Da haka yake gane abin da ke cikin ruwan tun asali. In an yi aikin da kyau, irin wannan awo na iya gano abin da bai ma kai iyakar OMS ba.

Akwai wata iri kuma da ba ta tara komi, sanda ce mai fata ta musamman a bakinta wadda ke jin ƙwayoyin dalma, ƙarfin wutarta na canjawa gwargwadon yawansu. Ta fi sauƙin aiki, amma irin da aka saba sayarwa ba ta kai waccan ganin abu ɗan kaɗan ba.

Daga ina dabarar ta fito?

Tushenta ya kai shekara ɗari. Wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Yaroslaf Herofski ne ya fara awon sinadarai ta hanyar lantarki da ɗigon zaiba a 1922 a birnin Farag, har aka ba shi kyautar Nobel a 1959. Shekaru da dama da zaiba ake kama dalma, zaibar nan dai da masu zinariya ke wanke gari da ita. Amma zaiba ita kanta guba ce. A shekarar 2000 masanin nan Joseph Wang da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wani ƙarfe da ake kira bismut, wanda ba shi da haɗari sosai har ana sa shi cikin wasu magungunan ciki, zai iya yin aikin zaiba. Wannan, haɗe da dabarar buga layukan kamar yadda ake buga rubutu jikin riga, shi ya sa fallen ya yi araha har ana amfani da shi sau ɗaya a jefar.

Ta riga ta yi aiki a ƙasar Hausa

Na'urar awon jini mai suna LeadCare II da irin wannan dabara take aiki, kuma da ita aka auna yaran Zamfara. Jini ɗigo biyu ake ɗauka, a haɗa da ruwan maganin da ke fasa ƙwayoyin jini ya saki dalmar, a ɗiga kan falle, cikin minti uku sakamako ya fito. Tana karantawa daga 3.3 zuwa 65 na ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, wato maikurogaram cikin kashi ɗaya bisa goma na lita. A wannan ma'auni, OMS ta ce daga 5 a nemi inda gubar ke fitowa a toshe, daga 45 kuma yaro na buƙatar maganin da ke fitar da ita. Cikin yaran da aka auna a ƙauyuka biyun nan, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce. Da yawa ma sun wuce 65, na'urar ta kasa ba da lamba, sai da aka riƙa sirka jinin kafin a samu adadi. Da sakamakon ne likitoci suka san wa za a fara ba magani.

Inda take da rauni

Kada mu ɗauka ba ta kuskure. Na ɗaya, dalmar da ta narke kawai take gani. In gubar tana cikin ƴan ɓarɓashin tsatsa ko laka, ba za ta gan ta ba sai an fara narkar da su da asid. Ruwan tafki mai dauɗa zai iya nuna kaɗan alhali da yawa. Na biyu, in jan ƙarfe ya yi yawa cikin ruwa yana cin wurin dalma a kan layin, tudun ya gajarce. Dattin ganye da kashin dabbobi ma na rufe fuskar layin. Na uku, zafi. Fallayen da ruwan maganin suna da iyakar zafin da suke jurewa da ranar lalacewa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, don haka ajiya sai wuri mai sanyi, awo kuma cikin inuwa ko da safe. Na huɗu, tsabta: kwalba marar tsabta ko yatsan yaron da ba a wanke da sabulu ba kafin a soka, sun isa su ba da lambar ƙarya. Ko na'urar jinin nan, a 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa tana iya nuna ƙasa da gaskiya in jinin jijiya aka yi amfani da shi.

Saboda haka aikinta shi ne tacewa: ta nuna wace rijiya ko wane yaro ne ya kamata a duba da gaugawa, sannan babban ɗakin bincike ya tabbatar. Ba kuma kaya ba ne da kowa zai saya a kasuwa ya gwada da kansa, tana son wanda aka horar. Awon ƙasa da dutse ma wata na'ura ce dabam ake yi da ita, mai aiki da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi.

Abin da ke hannunmu

Ga ku ƴan uwa masu aiko kuɗin foraj, Allah ya saka da alheri. Kafin ku biya, ku sa cikin yarjejeniya da ɗan kwangila cewa kayan pompo da kawunan famfo su zama marasa dalma, kamar bakin ƙarfen da ba ya tsatsa ko robar da aka yi don ruwan sha. Ku nemi a auna ruwan ta hannun ma'aikatar ruwa, ku ambaci dalma da sunanta, da Faransanci «plomb», don ba kowane awon ruwa ne ke haɗawa da ita ba. A ɗebi ruwa iri biyu: na farkon bugu da asuba bayan ya kwana cikin pompo, da na bayan an ɗan jima ana bugawa. In na farkon ya fi yawa, kayan pompon ne abin zargi.

Ga mata masu ɗiban ruwa, ruwan farko na safe a yi wanki ko yayyafi da shi, na sha da na jariri a ɗiba daga baya. Ku sani tafasa ruwa ba ta kashe dalma, don ba ƙwayar cuta ba ce, in ma ruwan ya ƙone sai ta ƙara kauri. Ruwan jabel da ƙwayar tsabtace ruwa da tacewa da ƙyalle suna da amfaninsu kan wasu cututtuka, amma ba su cire dalmar da ta narke.

Ga masu aikin zinariya, kada a kawo dutse cikin gida, kada a daka shi da turmin abinci ko a niƙa a injin hatsi. A jiƙa shi a rage ƙura, a yi wanka a canja tufafi kafin a shigo a ɗauki yaro. Masu gyaran batir su nisanci gidaje da rijiyoyi, kuma kada a mai da kwandon batir wurin zuba ruwa ko abincin dabbobi. Kwallin dutse mai sheƙi da ake sa wa jarirai a ido, yawancinsa dutsen dalma ne, gara a bar shi. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen da ake zubawa da tarkacen ƙarafa ma na iya sakin dalma cikin abinci, don haka maƙera su kiyaye abin da suke jefawa cikin narki.

Yaron da ke da ƙarancin jini ya fi tsotsar dalma, saboda haka zogale, wake, nono, ƙwai da hanta in an samu suna taimakawa, ko da yake ba su ne magani ba. In yaro na jijjiga ko ciwon ciki mai naci, a kai shi likita da wuri, kuma a faɗa wa ma'aikacin lafiya in ana aikin dutse ko batir a gidan. Wannan kalma guda na iya sa a gano ciwon da wuri.

Wanda ke da tambaya ko yake son a tattauna batun ruwan garinsu, ya aiko saƙo kamar yadda aka saba, za mu karanta cikin shiri mai zuwa in Allah ya kai mu.